Bazazzagi Ya Yanke Zazzau da Hannunsa

Bawana Bazazzagi, labarinka ya iso Kano tun kafin ka rufe kwamfutar. An ce ka shiga ajin koyon Python, malami ya ba ku jeri mai suna garuruwa, ya zuba Hausa Bakwai a ciki: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Aikin kuma ɗan ƙanƙani ne, a yanko huɗun farko. Ku da kuke cika mana baki da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ai na ɗauka kafin malam ya ajiye alli ka gama.

Sai ka gyara zaman tabarau, ka rubuta garuruwa[1:4], wai daga na ɗaya zuwa na huɗu. Kwamfuta ta miƙo maka Kano, Katsina, Zazzau. Daura ta yi ɓatan dabo, Kano ta hau gaba. Ni dai ban ga laifin wannan amsa ba, na'ura ta san manya. Da aka raɗa maka cewa Python daga sifili take fara ƙirga, sai ka rage ɗaya a kowane gefe, ka buga [0:3]. Daura ta dawo, Kano da Katsina suna nan daram, Zazzau kuwa aka bar ta a bakin ƙofa. Da hannunka fa, babu Bakanon da ya taɓa maka madannai.

Zo in koya maka kyauta, ko da yake Bakano bai saba ba da kaya haka nan ba. Kai garuruwan kake ƙirgawa, Python kuwa wurin sa wuƙa take nema. Tuna raken Maƙarfi da kuke ta sha. Sifili shi ne gindin kara, ɗaya ita ce mahaɗar farko, haka har sama. In ka sara a sifili, ka sake sara a huɗu, gaɓa huɗu ce a hannunka. Shi ya sa [0:4] ce amsa, ko ka taƙaita ka ce [:4]. Lambar ƙarshe ba ta shiga rabo, iyaka ce kawai. Ɗan Kantin Kwari ma ba sai ya duba allo ba: huɗu a cire ɗaya saura uku, ya san [1:4] kaya uku za ta ba shi.

Na ji kana cewa muguntar Bature ce. A'a. Guido van Rossum, mutumin Holan da ya fito da Python a 1991, ya san abin da ya shirya: haɗa [:4] da [4:], jerinka zai dawo cif, ba a maimaita gari ba, ba a yar da ko ɗaya ba. Ɗan ƙasarsu Edsger Dijkstra ya riga ya rubuta 'yar takarda tun 1982 yana kare farawa daga sifili. In ƙara za ka kai, nemi biza.

Inda Python za ta yaudare ka shi ne shirunta. Nemi garuruwa[7], nan take ta watsa maka IndexError, don Biram a shida take. Amma rubuta [3:100], ko tari ba za ta yi ba, ta ba ka daga Zazzau zuwa Biram ta kama bakinta. Rubuta [4:2], ta miƙo maka jeri fanko, kai kana murna babu jan rubutu.

An kuma tsegunta min cewa da ka gano [::-1] tana juya jeri baya, ka yi wuf ka gwada, ko Zazzau za ta samu ci gaba. Biram, Rano, Gobir, Zazzau. Uku a gabanta, uku a bayanta, ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Mako mai zuwa za ku shiga tsallake, irin su [::2], mai ɗaukar ɗaya ta bar ɗaya. Kada ka tayar da hankalinka in ka nemi garinku ka rasa, a wannan karon har Kano ba ta tsira ba. Ka taho da rake ɗauri guda da kwanon fate, in zaunar da kai mu yi bita.