Hanyoyi Shida na Ɓata Rahoton Gwajin Saurin Sinadarai

Duk ɗalibin kemistiri ya san gwajin ɓacewar kuros. Za ka zana X a farar takarda, ka ɗora kwalbar gwaji a kanta, ka zuba ruwan sodiyam tayosalfet, ka bi shi da asid haidirokolorik, sannan ka danna agogo ka leƙa ta sama. Ruwan zai riƙa gurɓacewa da ƙwayoyin farar wuta har X ɗin ta ɓace wa ido. Gwajin bai wuce 'yan mintoci ba, rahoton ne ke cin dare. Ga shawarwari, ɗan'uwa, idan ka ƙuduri aniyar sake gaisawa da wannan kwas baɗi.

1. Damƙa agogo a hannun sarkin hira. Lissafin gaba ɗaya a kan daƙiƙa ya rataya, domin saurin haɗuwar ana kimanta shi ne da 1/t, wato ɗaya a raba da lokacin da X ta ɗauka kafin ta ɓace. Saboda haka ka nemo wanda ke amsa saƙon WhatsApp da wayar da yake auna lokaci. Sannan ku taru ku biyar a bakin kwalba ɗaya. Wannan ya ce ta ɓace, wancan ya ce wallahi yana hango ƙafarta ta hagu, na uku yana tari saboda ya cusa hanci ya shaƙi iskar salfa dayoksaid. Masu son maki ido ɗaya suke sa wa aikin daga farko har ƙarshe. Ku kuwa ku yi karɓa-karɓa, kowa ya ɗana.

2. Rubuta 25 a matsayin zafin ɗaki. Haka littafi ya ce, ai littafi ba ya ƙarya. Kada ka taɓa ma'aunin zafi, ko da a Sakkwato kake cikin Afrilu, rana ta haura digiri 40, an kuma ɗauke wuta fanka ta tsaya. Sinadarai da yawa saurinsu kan kusan ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10, amma wannan damuwarsu ce. Mafi sauƙi ma, ka ari rahoton wani na bara wanda ya yi nasa da sanyin safiyar hunturu, ka kwafe lambobinsa tsaf. Malam zai yi mamakin yadda sanyin Janairu ya biyo ka har cikin bazara.

3. Ɗauko odar haɗuwar daga daidaitaccen lissafi. Ka ga 2 a gaban HCl, sai ka rubuta cewa asid oda ta biyu ce, ka huta. Tun 1884 Van 't Hoff, mutumin Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901, ya shimfiɗa yadda ake gano oda ta hanyar awo. Teburin awonka ma yana faɗa maka: da ka rage kaurin tayosalfet zuwa rabi, lokaci ya kusan ninkawa, alamar oda ta ɗaya ke nan, da ka ninka asid kuwa, da ƙyar agogo ya nuna bambanci. Kada ka saurari teburin. Yaushe aka haife shi?

4. Yi wa Kelvin rowa. A 1889 Svante Arrhenius na Suwidin ya bayyana cewa sai ƙwayoyin sinadari sun sami wani ƙarfi na tashi kafin su haɗu, kamar motar da ake turawa sai ta haye tudu kafin ta gangara da kanta. Ana samun tsayin tudun ne idan aka zana ln k a kan 1/T, aka ninka gangaren layin da 8.314, aka juya alamarsa. Sharaɗin shi ne T ta kasance a ma'aunin Kelvin, wato a ƙara 273 a kan Salsiyos. Kai dai ka tsallake wannan ƙari. In kuma ka tuna da shi bisa tsautsayi, to ka mance raba amsa da 1000, ka rubuta kilojul 50,000 inda ake sa ran 'yan gomiya. Ka ja masa layi biyu da jan biro don kada Malam ya wuce bai gani ba.

5. Gyara wa giraf zama. Akwai ɗigo ɗaya da ya yi gefe shi kaɗai, ya ƙi bin 'yan'uwansa. Goge shi, ko ka lallaɓa shi ya koma layi. Ka kawo ɗigo shida a miƙe sambal, daga agogon waya da idon mutum biyar. Malamin da ya shekara ashirin yana shaƙar wannan warin ya san yadda awon gaskiya yake karkacewa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kada ka rubuta ma'auni a jikin layukan giraf ɗin. Bar shi ya yi duba ko daƙiƙa kake nufi ko minti.

6. Ɗora komai a kan "kuskuren ɗan Adam". Kalmomi uku, an rufe babin tattaunawa. Kada ka ambaci cewa ba a ɗauraye kwalbar ba, ragowar asid ta fara aiki tun kafin a danna agogo. Kada ka ce ruwan da kuka ɗumama ya huce kuna neman biro, ko an mance cika ruwa don jimillar ta zama ɗaya, zurfin da ake leƙawa ya canza. Waɗannan bayanai suna da hatsari: suna nuna ka fahimci gwajin, kuma malamai kan ba da maki a kansu ko da ɗigonka ya watse. Akwai ma masu rubuta wane gefe kuskuren ya tura sakamakon, sama ko ƙasa. Ka nisance su, irinsu ne ke cin jarrabawa.

A kammalawa ka rubuta "gwaji ya yi nasara" ka sa hannu, ba lamba ba dalili. Idan takarda ta dawo da rubutun Malam yana cewa ka same shi a ofis, ka tafi da fara'a. Ka riƙe rigar lab ɗinka da kyau, kada ka sayar wa 'yan aji ɗaya, za ta yi maka amfani.