Mutanen Rumfar Zaɓe a Ƙaramin Gari

A ƙaramin gari na ƙasar Kano, mai masallacin Juma'a ɗaya da kasuwar mako, ƙuri'a ba ta da sirri. Hukumar INEC tana kafa ɗan shingen dangwala a harabar firamare, amma kafin a juye akwati mai shayin bakin tasha ya san gidan da ya yi laima da wanda ya yi tsintsiya, har da matar da ta saɓa wa mijinta.

Wanda yake fara isa rumfa shi ne dattijo ɗan aƙida. Mahaifinsa ya sha ɗauri a hannun 'yan doka zamanin NEPU, shi kuma ya dangwala wa mabuɗin PRP a 1979, lokacin da Abubakar Rimi ya zama gwamna. Da jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, ya tsaya a taɓo tare da Malam Aminu Kano, kuma har yau gaisuwarsa da maƙwabcinsa ɗan santsi ba ta wuce "ina kwana" ba, ko da yake jikokinsu sun auri juna. PRP tana nan a takardar zaɓe, don haka idan aka ƙirga aka ga ta sami ƙuri'a ɗaya, ba mai tambayar ta wace ce. A 2023 ɗan takararta na shugaban ƙasa Kola Abiola ne, ɗan mutumin da ya kayar da Bashir Tofa a jihar Kano a 1993. An gaya wa dattijon, ya ce shi mabuɗi ya sani.

Bayansa a layi akwai mai huluna. Kada a haɗa shi da ɗan a-mutun maigida, wanda ya bi Kwankwaso daga PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, ba tare da ya canza jar hularsa ba. Mai huluna kuwa yana da ta kowa a ƙarƙashin katifa, kuma sai ya ji inda iska ta kaɗa a rediyo sannan ya zaɓi wadda zai fita da ita. Ranar rantsuwa shi ne a sahun gaba yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai tun farko mu da kai muke."

Sai Hajiya shugabar mata, wadda ita ce jam'iyyar gaskiya a garin. Maza suna ta surutu a majalisa, ita tana shiga gida-gida, inda ɗan takara ba ya iya shiga, da turamen atamfa da katan-katan na taliya da sabulu. Ta san wadda ta haihu ba a je barka ba, ta san wadda kishiyarta ta karɓi turmi ita ba ta samu ba, kuma ta san irin wannan rashin adalcin yana iya cinye akwati guda. Aikinta ya ƙara daraja a farkon 2023, da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. Masu cewa a kawo lambar asusu za su tura sun sha kunya, domin matan ƙauye ba sa dangwale kan alkawarin saƙon banki. Taliya kuwa ana ganinta a hannu. Abin da Hajiya ba ta faɗa wa iyayen gidanta shi ne, matan nan sun karɓi ta ɓangare uku.

Sojan baka ba ya bin layi. Aikinsa shiga mota zuwa birni, ya yi minti biyu a shirin Kowane Gauta na Freedom Radio yana ragargazar kansilan mazaɓarsu, ya dawo a yi ta nuna shi. Katin zaɓensa yana ofishin INEC na ƙaramar hukuma, bai je ya karɓa ba.

Akwai kuma ɗan sak, ragowar guguwar 2015, wanda ya zaɓi tsintsiya daga sama har ƙasa saboda Buhari, ya tura mutumin da bai taɓa gani ba majalisar tarayya. Shi ne mai "a kasa, a tsare, a raka", ya kwana a bakin akwati da tocila. Yanzu ya koma cewa cancanta, amma da ka tambaye shi sunan ɗan majalisar jiha sai ya hau tari. Kusa da shi manomi ne da fartanya ta cinye zanen babban yatsansa, na'urar BVAS ta ƙi shi sai da aka ɗauki fuskarsa. Ana lallashinsa da cewa a 2015 na'urar tantance kati ta ƙi shugaban ƙasa Jonathan ma a Otuoke.

Mai cewa "ai an riga an rubuta" yana gida a kan tabarma, kuma jama'arsa ta fi ta kowace jam'iyya yawa: a 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, kimanin miliyan 25 suka fito zaɓen shugaban ƙasa. A wannan zaɓen dai bai da hujja mai ƙarfi, tunda NNPP ta ci Kano alhali APC ke mulki. A zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumar jiha ke shiryawa, da wuya a ja da shi. A 2021 APC ta lashe kujerun ciyaman 44 duka, a 2024 NNPP ta lashe su duka, kuma mazaɓu 484 ɗin ba su canza mazauna ba a tsakani.

Kansilan da aka samu ta wannan hanya yakan yi wata guda yana gaisawa da kowa. Daga nan sai ya kama haya a birni ya canza layin waya, a bar ejan ɗinsa, wanda har yau yake bin kuɗin tsaron akwati, yana amsa tambayar mutane kan rijiyar burtsatse.