Wai jikinka ledar fiya-wata ne?

Ka ce ƙwayar halitta ledar fiya-wata ce, ruwa a ciki, fata a waje, shi ke nan? Haba Malam! Ka taɓa ganin leda ta bi ɓarawo da gudu? To farar ƙwayar jininka tana yi. Da ta sansano bakteriya sai ta miƙa goshi, ta janyo ƙeya, ta kutsa ta bangon jijiya har ta cim masa ta haɗiye.

Ka ce ashe ƙashi gare ta? E, amma kada ka yi saurin tafi. Zare ne na furotin da ake kira aktin, kaurinsa wajen nanomita 7, wanda Bruno Straub ya fara warewa a Hungari a 1942. Naka ƙashin yana nan inda ka bar shi jiya. Wannan kuwa ana ɗinka shi ta wannan baki, ana warware shi ta wancan, ba dare ba rana.

Wa ke ba da umarni? Yawwa, yau ka yi tambayar masu hankali, Allah ya ɗorar. Wasu inzayim ne 'yan gida ɗaya: Rho, Rac da Cdc42. Duk wanda ya riƙe sinadarin GTP a kunne yake, da ya mayar da shi GDP sai ya yi tsit. A 1992, a Landan, Anne Ridley da Alan Hall suka tsira wa ƙwayoyi allurar waɗannan furotin. Da Rho, ƙwaya ta ɗaure cikinta da igiyoyin aktin masu kauri. Da Rac, gefenta ya baje yana kaɗawa. A 1995 Hall da Catherine Nobes suka nuna Cdc42 shi ke fito mata da 'yan yatsu sirara.

Ka ce in duk suka kunnu lokaci guda ai rigima ce? Rigimar ce ke tafiyar da ita! Rac da Rho ba sa ga-maciji. Rac ya kama gaba yana turawa, Rho ya tsare baya, ya tashi wani inzayim mai suna ROCK, shi kuma ya sa wani furotin mai suna miyosin ya matse wutsiya. Kowa na danne ɗan'uwansa a unguwarsa, shi ya sa ƙwayar ta san gabanta da bayanta. Kuma kada ka ɗauka zaren ɗan amshin shata ne: in ya ja ya ji ƙasa da tauri, sai ya aika Rho ya ƙara ƙaimi.

Na ga ka gyara hula za ka kawo min sikila, wai su Rho ne suka lanƙwasa jinin. Tir! Can himoglobin ne mai tangarɗa: iskar oksijin na raguwa sai ya dunƙule ya zama sanduna, ya tokare jar ƙwayar jinin daga ciki. Su Rho ko shaida ba a kira su ba. Zauna, Malam, ka sha ruwa.