Lamba Ɗaya Ce Tak

A majalisarmu ta bakin titi aka ƙaryata ni ƙiri-ƙiri. Na ba da labari ne cewa a watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, ya gano lamba mafi girma da aka sani cikin waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, dangin 7 da 13. Samunta a baki ba wuya: ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, ka ɗebe ɗaya. Waɗanda ake samu ta wannan hanya a cikinsu ana kiransu da sunan Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, kuma wannan ce ta 52 da aka sani.

Alhajin da ke sayar da taya ya ce lambar da ba a gani a takarda ba tatsuniya ce. Zuciya ta ɗebe ni. Na sauke ta daga intanet, na zuba a filas, na nufi shagon buga takardu.

"Baba, shafi nawa ne?" in ji yaron shagon.

"Lamba ɗaya ce tak, ɗana. Buga kawai, bari in yi la'asar."

Ita kuwa lambar, alƙaluma 41,024,320 gare ta. Ko an cusa dubu uku a kowane shafi, sai ta ci shafi sama da 13,600, wato rim ashirin da bakwai da ɗoriya.

Na dawo na tarar janareta na kuka, firinta ta yi zafi zau, takardu sun malale har ƙarƙashin benci, masu jiran hoton fasfo suna ta tsaki. Yaron yana ɓare sabon rim.

"Baba, wai ba ta ƙarewa ne?"

Na ce tana ƙarewa mana, da 1 ma take ƙarewa. Ya ce shi da kuɗi yake so ta ƙare.

Mafi ciwo, injin ya tauna shafi guda a tsakiya. Alƙalami ɗaya in ya ɓace, ai wata lamba ce daban, wataƙila ma 3 ta raba ta. Na biya kuɗin da na ware na buhun shinkafa, na ɗora tulin a Keke Napep.

Alhaji ya ɗaga shafi biyu, ya gyara tabarau, ya tambaye ni ta yaya zai san ba ni na ƙirƙira su ba. Uwargida ba ta yi musu da kowa ba. Ta kira mai ƙosan layinmu suka yi ciniki.