Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janareton Gidan Ruwa

Baba Janareto,

Da fatan ka tashi lafiya, ko da yake tashinka ba ya ɓoyuwa: ka yi tari, ka girgiza, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, duk unguwa ta san Baba ya farka.

Ranka ya daɗe, bari in tuna maka sharaɗin da aka ɗauke ka aiki. Ɗan ko-ta-kwana aka ce. In an ɗauke wuta ka riƙe injinan tura ruwa na ɗan lokaci, in an kawo ka koma barci. To, NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, a 2013 rabon wutar Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Suna na ta sauyawa, kai kana nan daram. Yanzu wutar ce ke yi maka ko-ta-kwana.

Ba don rashin godiya na rubuto ba. Ranar da ka yi fushi, famfo ƙaf, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi, mu mutanen Haɗeja da kogi ke kwance a gefen garinmu mu wuni muna cigiyar ruwan alwala. Wannan mun sani.

Kukana numfashinka ne. Ka waiwaya ka ga bangon da salansarka ke fuskanta: ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Darbejiyar da ke gefenka, in mutum ya shafa ganyenta sai yatsa ya fito da baƙi. Da hunturu kuwa, hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya haɗu da hazo ya kwanta a tsakar gidajen mutane, ya bi shanya, ya bi ƙirjin tsofaffi da masu asma. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar. Kowace litar man gas da ka sha kuma, kana amayar da fiye da kilo biyu da rabi na iskar da ke ɗumama duniya. Ga shi litar da ba ta kai naira 300 ba a 2021, ta haura 1,000 a 2023, cikinka bai ragu ba.

Ban ce kai ka kawo ambaliyar 2022 ba, kada a ɗora maka jakar tsaba. Kachalar da ta toshe hanyar ruwa tana da nata kason. Amma baƙin man da ke ɗiga ƙarƙashinka, in damina ta sauka, ina yake tafiya? Kwata, daga kwata sai fadama, inda kifinmu da shinkafarmu suke.

Ka dubi ƙannenka, injinan ban ruwa na wajen Auyo. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu sun koma gas ɗin girki, wasu sola ta karɓe su. Rana dai ba mu rasa ta ba a ƙasar nan, a watan Afrilu har ta yi mana yawa.

Roƙona, Baba, ka yarda a kafa sola a gefenka, ka koma aikin da aka ɗauke ka tun farko. Kafin nan, ka sa baki a sauya maka filta, a ɗaga salansar nan ta wuce tsayin katanga.

Wassalam.
Naka maƙwabci, wanda tagarsa ke kallonka.