Masu Kallon Sama a Mandawari

Teku ta yi wa Mandawari nisa, amma masu ɗaga kai sama ba su yi ƙaranci a unguwar ba. Kowa da tsuntsun da yake nema.

Akwai Baba mai jiran shamuwa. Da Afrilu ta kama, zafi ya kai maƙura, za ka same shi a ƙofar gida bayan la'asar, carbi a hannu, ido a sama. Shamuwa daga kudancin Afirka take tasowa ta yi sheƙa a garuruwanmu gab da damina, kuma ba mai taɓa ta. Baba bai yarda da hasashen rediyo ba. In bai ga shamuwa ba, damina ba ta faɗi ba, ko da indararonsa na zubar da ruwa. Bishiyoyin unguwa sun ba shaguna wuri, shamuwa ta koma ƙauye, shi kuwa ya ce halin mutanen yanzu ne ya kore ta.

Mai tantabara a saman soro yake kwana da tashi. Ya san wadda ta yi ƙwai, ya san wadda ke fushi da mijinta, amma tambaye shi ajin da ɗansa yake, sai ya ce a tambayi uwarsa. Maƙiyansa biyu ne: shaho, da maƙwabcin da tantabarunsa ke janye masa nasa. Shaho yana iya yafe masa. Maƙwabci kuwa sai gaban mai unguwa.

Yaro mai danƙo ba ya doguwar magana. Ya san reshen da kurciya ke kwana, kuma kowane tsuntsu ka nuna masa tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, ana ci?"

Sai wanda unguwa ke yi wa addu'a, wato ɗan boko mai madubin hangen nesa. Ya yi karatu a cibiyar binciken tsuntsaye da ke dajin Amurum a Jos, ya dawo da littafi mai kauri da hular rana. Da hunturu ya shigo sai ya hau mota zuwa Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe, inda agwagin Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru bayan sun ƙetare Sahara. Zai gaya maka Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya taka Dagona a 1989, ko ba ka tambaya ba. Hajiyarsa ba ta damu da Yarima ba.

"To, ka ƙirga su, sai kuma me?"

"Sai in rubuta, Hajiya."

"Kuɗin mota har Gashuwa, ko kirinjijiya ɗaya ba ka riƙo mana ba?"

Ni dai ina ganin aikinsa na da amfani, domin da ƙirga aka gane gauraka ta kusa ƙarewa a Najeriya, ungulu ma ta ƙaurace wa mahauta saboda masu sayen kanta don tsubbu. Sai dai cikin birni ba daji ba ne. Ranar da ya saita madubinsa kan wani tsuntsu a katangar maƙwabta, daidai lokacin da matan gidan ke daka a tsakar gida, littafinsa mai kauri bai cece shi ba. Dattawa uku suka zo sallama, ba kuwa don tsuntsu ba.

A majalisar mai shayi kuma akwai masanin zobe. Wani maharbi ya taɓa nuna masa ɗan ƙarfe da aka ciro daga ƙafar tsuntsu, da lamba da rubutun Turawa. Masu bincike ne ke maƙala shi don su san inda tsuntsu ya kai, ɗan boko ya yi bayani har makogwaronsa ya bushe. Masanin ya kurɓi shayi ya girgiza kai.

"Kai yaro ne. Tun daga Jamus, ba fasfo, ba biza, ya sauka daidai gonar shinkafarmu, ka ce min ba aiko shi aka yi ba?"