Hukumar Ƙidaya ta Teburin Mai Shayi

Kowace majalisar samari yanzu tana da jami'in ƙidaya guda, wanda babu wanda ya naɗa shi. Ba a cika ganinsa yana buga wasa ba. Aikinsa shi ne ya buɗe shafin SteamDB a wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya leƙa yawan masu buga kowane wasa a intanet, sannan ya raba takardun mutuwa. Kana tsakiyar wasanka, ka karkace baki, gumi na tsiyaya, sai ka ji murya ta bayan kunnenka: "Haba mutumina, har yanzu wannan kake bugawa? Ai ya mutu tun bara." Nan take daɗin ya gudu, ka soma jin kunya kamar an kama ka da laifi.

Hujjarsa ba ta wuce PUBG. A watan Janairun 2018, mutum sama da miliyan 3.2 suka hau wasan a lokaci guda a dandalin Steam. Yau adadin ya sauko zuwa ɗaruruwan dubbai, don haka a wurin jami'inmu sai dai a yi masa addu'a. Abin da ba ya faɗa shi ne, fage ɗaya mutum 100 kacal yake ɗauka, kuma shi da kansa duk ranar da ya shiga, kafin ya tsinci bindiga an aika shi barzahu. Mutumin da guda 99 suka fi ƙarfinsa, me zai yi da miliyan uku?

Wani abin dariyar, Steam masu kwamfuta yake ƙirgawa. Majalisar kuwa kaf ɗinta a waya take fafatawa: wannan Free Fire, wancan Call of Duty Mobile, na gefe yana ta cin ƙwallo a eFootball har mai cajin waya ya rufe shago. Babu ko ɗayansu a cikin lissafin da ake tayar da jijiyar wuya a kansa.

A yi masa adalci, wani lokacin alƙaluman kan faɗi gaskiya. Sony ya fitar da Concord a Agustan 2024, masu buga shi a lokaci guda a Steam ba su kai 700 ba, cikin mako biyu aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. Ranar jami'inmu har shayi ya saya wa mutane, mai kauri, da biredi. Ya ce shi dama ya hango. Bai taɓa jin sunan wasan ba sai ranar da aka rufe shi.

To amma a tambaye shi labarin Banana. A watan Yunin 2024, wani wasa ya haura mutum 900,000 a lokaci guda, ya shiga sahun gaba a Steam. Menene a cikinsa? Hoton ayaba. Ka danna ta, lamba ta ƙaru. Shi ke nan. Lokaci-lokaci a jefo maka hoton wata ayabar da za ka iya sayarwa a kasuwar Steam, yawanci a kan kuɗin da bai isa sayen ayaba ta gaske ba. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan da bakinsu suka amsa cewa da yawa daga cikin taron ba mutane ba ne, asusun bogi ne da manhaja ke juyawa. Irin gangamin siyasar nan ne da ake cika fili da motocin haya, a gama rabon na mai, ranar zaɓe a nemi jama'a a rasa.

Mu ma ai ba a bar mu a baya ba. Wa ya manta kakar Hamster Kombat a Telegram? Kamfanin ya yi iƙirarin mutum miliyan 300, sai aka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan taro ba zai tashi a banza ba. Tela ya ajiye ɗinkin mutane, ɗalibi ya ajiye littafi, magidanci ya karɓe wayar uwargida da ta amarya ya jera su a tabarma, yana danna uku a lokaci guda, shi kaɗai ya zama mutum uku a ƙidaya. Kowa na jiran ranar rabon lada, gaisuwa ta koma, "Yaya, ta kusa fashewa?" Ranar 26 ga Satumban 2024 ta fashe, kuma abin da da yawa suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Taron ya watse ko sallama babu. Ashe ba wasan ake so ba, ladan ake jira.

Saboda haka ina ba da shawara a kafa doka a kowace majalisa: duk wanda zai sanar da mutuwar wani wasa, sai ya karɓi waya ya buga zagaye ɗaya a gaban shaidu. In ya kai minti biyar da ransa, a saurare shi. In kuwa aka harbe shi tun yana saukowa da lema, to shi zai biya kuɗin shayin kowa, har da na mai shayin.